Baƙo Ya Ji Rauni a Masaukinka, Wa Zai Biya?

 Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari suka saurara ba, da waɗanda suka fi son su karanta a nitse.

Yau kudancin Katsina muka nufa: Funtua, Bakori, Danja, Ƙafur, har Malumfashi. Duk wanda ya san wannan yanki ya san da zarar kaka ta yi, garuruwan nan cika suke da baƙi. Masu sayen masara, waken suya, dawa da shinkafa suna zuwa daga Dawanau, wasu daga Ibadan da Legas, musamman masu haɗa abincin kaji. Ga 'yan biki, domin bayan an sayar da amfanin gona ne ake ɗaura aure. Ga 'yan kwangila da ma'aikatan kamfanonin taki da iri. Ga iyayen da ke rako yara jarrabawar JAMB. Kowannensu yana neman inda zai kwana biyu, ko mako guda, ba tare da ya kama hayar shekara ba.

To matasa sun gano wannan kasuwa. Mutum ya gyara ɗaki biyu da falo a gidan gado, ya sa tayil, ya sa fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, ya ɗauki hoto ya ɗora a WhatsApp da Facebook da TikTok, shi ke nan ya zama mai shotlet. Sana'a ce mai kyau, Allah ya sa albarka. Amma akwai tambaya ɗaya da kusan babu mai yi kafin ya karɓi kuɗin baƙon farko, ita ce kuma maganarmu ta yau.

Mu ƙaddara kai ne. Kana karɓar naira 20,000 a kwana. Wani ɗan kasuwa ya sauka a wurinka a watan Disamba, ya zo sayen masara. Da dare aka ɗauke wuta. Mai gadinka ya tada janareto, amma saboda tsoron ɓarayi bai bar shi a tsakar gida ba, ya jawo shi baranda, daidai gindin taga. Sanyi ake yi, baƙo ya rufe ƙofa ya ja bargo. Hayaƙin janareto yana ɗauke da wata iska da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, mutum yana barci take shiga jininsa. Da asuba aka buga ƙofa, shiru. Aka ɓalle, aka kwashe shi sai asibiti. Allah ya yi da sauran kwana, amma ya yi makonni a kwance, cinikin da ya zo yi ya lalace, kuma danginsa sun ɗauki lauya.

Wa zai biya kuɗin magani? Wa zai biya asarar? Idan da ya rasu fa?

Na san abin da wani zai ce: tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, mun yi imani da ƙaddara. Amma alƙali ba ƙaddara zai tambaye ka ba. Zai tambaye ka: waye mai gidan? Waye ya ɗauki mai gadin? Ina aka saba ajiye janareton? An taɓa gaya maka hayaƙi yana shiga ɗakin? Waɗannan tambayoyi duk abu ɗaya suke nema, wato sakaci.

Kafin mu shiga doka, bari mu koma baya kaɗan, domin wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu suna da fatoma, mai masaukin fatake. Shi ke sauke baƙo, ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ba da bashi. Wani masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan ya yi nazarin yadda masu gida Hausawa ke riƙe da cinikin shanu da goro ta wannan hanya, littafinsa ya fito a 1969. Ita ma Funtua da baƙi ta girma. Tun da layin dogon Zariya zuwa Ƙaurar Namoda ya ratsa ta a ƙarshen shekarun 1920, ga auduga, ga injinan gurza a Funtua da Malumfashi, masu saye da masu dako ba su daina shigowa ba. A 2024 kuma aka buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Funtua.

Bambancin shi ne, fatoma ya san baƙonsa, ya san ubansa, ya san garinsu. Idan abu ya faru, manya ne za su zauna a zaure su kashe wutar. Kai kuwa baƙonka lambar waya ce da alat ɗin banki. Ba ka san shi ba, bai san ka ba, babu wani dattijo a tsakaninku da zai ce a yi haƙuri. Zumuncin da ke kare fatoma babu shi, amma nauyin da ke kansa yana nan a kanka.

Yauwa, yanzu doka. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, wannan inshora ba ta ganin dama ba ce. Dokar Inshora ta Najeriya ta 2003, a sashe na 65, ta wajabta a yi wa duk ginin jama'a inshora a kan rushewa, gobara, girgizar ƙasa, guguwa da ambaliya. Kana jin ginin jama'a sai ka ɗauka sakatariya ce ko kasuwa. A'a. Dokar ta lissafa har da gidan haya, da ɗakin kwanan ɗalibai, da ginin da ɗan haya ko mai kwanan kuɗi ke ciki. Sannan ta ce dole inshorar ta ɗauki alhakin mai gida ko wanda ke riƙe da gidan, idan wani mai amfani da wurin ko wani na waje ya ji rauni, ya rasu, ko dukiyarsa ta lalace. Hukuncin wanda ya ƙi a waccan doka shi ne tarar da ba ta wuce naira 100,000 ba, ko ɗaurin shekara ɗaya, ko duka biyun. A shekarar 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora wadda ta maye gurbin ta 2003. Sabuwar ba ta ɗauke wannan wajibci ba, sai ma ƙara nauyin tara da ta yi.

Na san za ka ce waye ake kamawa? Gaskiya ba a cika bin gida gida ana tambayar takarda ba. Amma ba tarar ce abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne ranar da kotu za ta ce ka biya kuɗin da ya fi abin da gidan ya kawo maka a shekara biyar. Ranar ce ake sayar da gona.

To mene ne ita wannan inshorar alhaki? Ka ɗauki misalin mota. Inshorar mutum na uku da direbobi ke yanka, wadda ta koma naira 15,000 a shekara tun Janairun 2023, ba motarka take gyarawa ba. Idan ka buge motar wani, ita ce ke biyan ɓarnar da ka yi masa, har zuwa naira miliyan 3 a ɓangaren dukiya. To haka inshorar alhaki take a gida. Ba bangonka take karewa ba, aljihunka take karewa daga haƙƙin wani.

A nan mutane ke yin kuskure. Wani zai ce ai na yi wa gidana inshorar gobara. Madalla, amma inshorar gobara zalla ginin da kayan ciki take biya. Idan wuta ta tashi daga wayarin ɗinka, za a sake maka rufi. Baƙon da ya ƙone a hannu fa? Shagon maƙwabcinka da wutar ta lasa fa? Waɗannan sai idan akwai sashen alhaki a cikin takardar. Abu biyu ne daban, ko da kamfani ɗaya ne ya sayar maka da su a takarda ɗaya.

Inshorar alhaki abu uku take ɗauka galibi. Diyyar rauni ko rasuwar baƙo da na waje, idan doka ta ɗora maka laifin. Diyyar dukiyarsu da ta lalace. Sai kuɗin lauya da na shari'a. Kada ka raina na ukun nan. Ko da kai ne da gaskiya, kafin kotu ta wanke ka, ka kashe kuɗi, ka yi zirga-zirga, ka bar kasuwarka.

Wani zai ce, ni na ji Airbnb suna biyan komai. Bari mu fayyace. Airbnb, kamfanin da aka kafa a San Francisco ta Amurka a 2008, yana da wani tsari da ya kira AirCover, wanda ke ba mai masauki kariyar alhaki har zuwa dala miliyan 1. Amma sharaɗin shi ne baƙon ya kama ɗakin ta manhajarsu. Ka tambayi kanka, baƙi nawa ne a Malumfashi suka zo maka ta Airbnb? Yawanci aboki ne ya ba da lambarka, ko dillalin hatsi ya turo su. Wannan babu Airbnb a ciki. Ko wanda ya fara zuwa ta manhajar, idan ya dawo karo na biyu kuka yi ciniki ta waya don ku kauce wa kamasho, kariyar ta tafi. Kuma kada ka ɗauka irin wannan hatsari a wurinmu kaɗai yake faruwa. A watan Oktoban 2022 wasu Amurkawa uku sun rasu a wani gidan da suka kama ta Airbnb a birnin Meksiko, kuma hukumomi sun ce wannan iskar ce ta kashe su.

Yanzu ga tambayar da na san tana cin mutane da yawa: inshora ta halatta? Ni ba malami ba ne, amma ga abin da aka sani. A Disamban 1985 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda, ta yanke cewa inshorar kasuwanci irin wadda aka saba tana da garari mai yawa, ba ta halatta ba, amma inshorar taimakon juna wadda aka gina a kan kyauta ta halatta. Wannan ita ce takaful. Kamfanin farko irin wannan a Sudan aka kafa shi, a 1979. Yadda take aiki: mahalarta suna zuba gudummawa a asusu ɗaya da niyyar taimakon duk wanda masifa ta afka wa a cikinsu. Kamfani wakili ne, yana karɓar ladan kula da asusun. Ba a juya kuɗin a harkar ruwa. Idan shekara ta ƙare aka samu rara, ana iya raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba.

Tushen abin ma sananne ne a fiƙihu. Idan mutum ya yi kisan kuskure, diyya raƙuma 100 ce ko dinari 1,000, kuma ba shi kaɗai ake bari da ita ba, danginsa na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, su ke haɗuwa su biya a cikin shekara uku. Ka ga an daɗe da sanin cewa akwai nauyin da mutum ɗaya ba zai iya ɗauka ba. A Najeriya hukumar kula da inshora, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi kamar Noor Takaful, Jaiz Takaful da Salam Takaful. Ba talla nake musu ba, ba kuma wanda ya biya ni. Ina faɗa ne don kada wani ya ce babu hanya. Wanda bai natsu ba ya je wurin malaminsa da takardar a hannu, a karanta tare.

To sai mu zo inda ake yin kuka daga baya: abubuwan da inshora ba ta biya.

Na farko, ƙarya ko ɓoye gaskiya. Idan ka ce wa kamfani gidan zama ne kai da iyalinka, alhali baƙi kake saukewa kana karɓar kuɗi, ranar da abu ya faru za su iya cewa ba wannan suka ɗauka ba, kuma doka tana bayansu. Ka faɗa musu ɗaki nawa ne, mutum nawa ke kwana, akwai girki da gas, akwai janareto, akwai rijiya, akwai bene. Ka tabbata an rubuta cewa masaukin kwana-kwana ne. Idan kai ma haya ka kama kake sake ba da shi, ka samu amincewar mai gidan a rubuce.

Na biyu, kayan da ke hannunka ajiya. Wannan ya shafi yankinmu sosai. Ɗan kasuwa zai ce maka, ga buhu hamsin, a sa mini a shagonka zuwa jibi, ga mota a tsakar gida, ga jaka ka riƙe mini. Yawancin takardun alhaki suna cire dukiyar da ke ƙarƙashin kulawarka, sai idan ka nemi a ƙara ta musamman. Tsabar kuɗi kuwa kusan kullum a waje take. Saboda haka ka yi tambaya, ko kuma ka daina karɓar ajiyar da ba za ka iya biya ba.

Na uku, ma'aikatanka. Mai gadi da mai shara ba baƙi ba ne. Idan mai shara ta faɗo daga tsani, wannan wani babi ne daban, yana ƙarƙashin dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa.

Na huɗu, tsaro. Ba sai na gaya wa mutumin Faskari, Sabuwa ko Dandume halin da aka shiga ba. Takardun inshora na yau da kullum sukan cire yaƙi, ta'addanci da tarzoma, kuma satar mutane harka ce daban da ba ta shiga inshorar alhaki haka kawai. Ka tambaya ƙarara, kada ka yi zato.

Na biyar, ganganci. Idan ka san abu zai cutar kuma ka yi shi da niyya, babu kamfanin da zai tsaya maka.

Idan za ka saya, ga yadda za ka bi. Ka je kamfani mai lasisi ko dillalin inshora mai rajista, ka duba sunan a jerin da NAICOM ke wallafawa a shafinta na intanet. Kowa ya san yadda ake buga takardar inshorar mota ta bogi a bakin tasha, kada ka sayi irinta ga gidanka. Ka tambayi iyakar abin da za su biya a hatsari ɗaya, da iyakar shekara gaba ɗaya. Ka tambayi ko kuɗin lauya a cikin wannan iyaka yake ko a wajenta. Ka tambayi nawa ne kason da kai za ka fara biya daga aljihunka kafin su ɗauki saura. Farashi ya danganta da girman gida da girman kariyar da ka zaɓa, don haka ka karɓi farashi daga wuri biyu ko uku ka gwada. Sannan ka biya ta banki zuwa asusun kamfani, ka karɓi rasit. Ƙa'idar Najeriya a fili take: ba a biya ba, babu kariya. Alkawarin zan kawo bayan kasuwa ba ya aiki a nan. Ka kuma rubuta ranar ƙarewa a wayarka, domin takardar shekara ɗaya ce.

Idan kuma, Allah ya kiyaye, abin ya faru, rai ne farko. Ka kai mutum asibiti, ka tsaya a kansa, ka kira danginsa. Baƙonka annabinka, babu takardar da ta hana ka mutunci. Amma akwai abu ɗaya da za ka riƙe: kada ka yi alkawarin adadin kuɗi, kada ka sa hannu a wata yarjejeniya, kafin ka sanar da kamfani. Mu al'adarmu sulhu ce, nan da nan an tafi gidan mai unguwa an yanke magana. Sulhu alheri ne, amma yawancin takardun suna da sharaɗin cewa ba za ka amsa laifi ko ka sasanta ba sai da saninsu. Ka yanke kai kaɗai, za su iya barinka da abinka. Don haka ka kira su a ranar, ka bi da saƙo a rubuce. Ka ɗauki hotuna kafin a taɓa komai. Ka ajiye takardun asibiti, da rahoton 'yan sanda ko na 'yan kwana-kwana idan gobara ce. Idan kamfani ya yi maka wasa da haƙƙinka, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi.

Wani kuma zai ce, ni na manna takarda a bango, duk abin da ya samu mutum ba ruwanmu. Ɗan uwa, wannan takarda ba lallai ta cece ka ba. Idan murfin rijiyarka ruɓaɓɓen katako ne, yaron baƙo ya taka ya faɗa, rubutun bango ba zai goge sakacin ba.

Shi ya sa nake cewa inshora ita ce ta biyu, gyara ne na farko. Inshora kuɗi take biya, ba ta dawo da rai. Yau ɗin nan ka zagaya gidanka da idon baƙo, wanda ya iso da dare kuma bai san lungunan ba. Janareto ya kasance a fili, nesa da taga da ƙofa, ka yi masa keji idan ɓarayi kake tsoro. Ka hana kunna gawayi a ɗaki a rufe lokacin hunturu, ka faɗa da baki, ka kuma rubuta. Silindar gas a waje, a duba tiyo. Rijiya da salga su samu murfin kankare ko ƙarfe. Hitar ruwa ta bokiti, wadda ake tsomawa, ka raba ta da banɗakin baƙi. Tayil mai santsi a sa masa tabarmar roba. Ka duba ƙarfen da ke ɗauke da tankin ruwa. Tagogin da aka yi wa ƙarfe gaba ɗaya, ka tambayi kanka ta ina mutum zai fita idan wuta ta tare ƙofa. Ka sayi tukunyar kashe gobara, ka koya wa mai gadi yadda ake amfani da ita. Ka buɗe littafin baƙi: suna, lamba, katin shaida, ranar shiga da ta fita. Duk gyaran da ka yi ka ajiye rasit, domin ranar shari'a shi ne shaidarka cewa ba ka yi sakaci ba.

'Yan uwa mata masu wannan sana'a, da ku nake. Da yawa kuna ba ƙani ko yaron gida riƙon makulli kuna can wani gari. Ki sani sunanki ne a takardar gida, ke za a nema. Ki zo da kanki ki duba, ko ki sa a yi miki bidiyon kowane lungu.

Aikin wannan makon guda biyu ne kawai. Ka fita ka ga inda janaretonka yake kwana. Sannan idan kana da wata takardar inshora, ka ɗauko ta ka nemi inda aka ambaci alhakin mutum na uku. Idan ba ka gani ba, ka kira wanda ya sayar maka ka tambaye shi.

Masu masauki a Funtua, Malumfashi, Bakori da kewaye, ku faɗa mana a ƙasa: akwai wanda ya taɓa yin wannan inshora a cikinku? Da kuka nemi diyya, an biya ko an ja ku? Ba sai kun ambaci sunan kowa ba, labarin muke so domin wasu su ƙaru. Ku tura wa wanda kuka san yana sauke baƙi.

Allah ya tsare mu da baƙinmu, ya sa mu gama da duniya lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.